'Yan Daudu, Da Doka, Da Bakin Jama'a A Ƙasar Kano

Mutumin da ya tashi daga Gaya za shi birnin Kano, tafiyar wajen mil 40 ce ke gabansa. Zai bi ta Wudil, ya haye gada, sa'an nan ya miƙe har ya hango Dala da Goron Dutse. Wannan hanya tsohuwa ce ƙwarai, don masu ba da labarin dā sun ce wani maƙeri ne mai suna Kano ya taso daga Gaya neman tama, ya sauka a gindin Dala, har garin ya ci sunansa. Tun daga wancan zamani mutanen Gaya da na Ajingi ba su daina bin hanyar ba, waɗansu don fatauci, waɗansu don karatu, waɗansu don cin rani. Kowace doka kuwa aka kafa a birni, da kowane labari ya tashi can, ta nan su ke biyowa su iske mutane a kasuwa da ƙofar gida.

Cikin watan Disamba na 2022 wani labari ya biyo wannan hanya. Hukumar Hisba ta Kano ta ba da sanarwa ta kama mutum 19, maza da mata, ta ce ta same su ne sun taru don bikin auren waɗansu samari biyu, ta kuma ce za ta yi musu nasiha. Duk sa'ad da irin wannan labari ya tashi, a kan ji magana iri biyu a bakin mutane. Waɗansu su ce baƙon abu ne, Turawa suka kawo shi. Waɗansu su ce ai 'yan daudu tun kaka da kakanni a ke ganinsu. Kowane ɓangare ya riƙe gefe guda na gaskiya, amma an cuɗa abubuwa uku an mai da su ɗaya. Akwai daudanci, watau namiji ya ɗauki ɗabi'u da sana'o'in mata. Akwai aikin da shari'a ke kira luwaɗi tsakanin maza, ko maɗigo tsakanin mata. Akwai kuma abin da yanzu a ke kira auren jinsi. Kowane ɗaya da tarihinsa, kuma ba shekarunsu ɗaya ba.

Asalin 'Yan Daudu

Daudu kirari ne na Galadima a sarautun Hausa. Cikin iskokin bori kuwa akwai wanda a ke kira Ɗan Galadima, an siffanta shi da ɗan sarki mai kyau, mai son ado, mai kyauta har ta wuce kima. Masu binciken al'adun Hausa da yawa sun ce daga wajensa ne 'yan daudu suka sami sunansu, domin an saba ganinsu a wuraren wasan bori, suna rawa, suna yi wa masu hawa hidima, suna kashe kuɗi ga makaɗa.

Da aka yi jihadi a 1804, Kano kuma ta koma hannun mutanen Shehu Usmanu ɗan Fodiyo wajen 1807, sai aka fitar da bori daga fada. 'Yar Shehu, Nana Asma'u, ta kafa ƙungiyar 'yan taru don karantar da matan karkara, a janye su daga bori. Amma bori bai mutu ba. Ya ci gaba da ƙarfinsa a Maraɗi inda sarakunan Katsina na dā suka koma, a Kano kuwa ya raɓe a gefen gari, a gidajen mata masu zaman kansu, ƙarƙashin magajiya. A nan ne 'yan daudu suka sami mafaka.

Sana'arsu sananniya ce ga kowa. Su ne masu soya kaji da ƙwai a bakin tasha, da masu tuwo da miya a kasuwa. A kan kira su girkin biki, don an shaide su da iya miya. Waɗansu kuma su kan shiga tsakanin mata masu zaman kansu da masu nemansu, a ba su la'ada, wannan ne ya ja musu sunan kawalci. Suna ɗaura zane, suna tafa hannu, suna habaici irin na kishiyoyi, suna kiran juna da sunayen mata. Da yawansu daga ƙauyuka suka fito, sun baro gida don gori ya yi musu yawa, suka zo birni suka sami wani babban ɗan daudu ya riƙe su, ya koya musu girki, suna kiransa uwa.

Jama'a ba ta taɓa girmama su ba, ba ta kuwa kore su ba. Wajen 1950 Malam Sa'adu Zungur ya lissafta su cikin abubuwan da ya ke ganin za su ja wa Arewa kunya, a waƙarsa ta Arewa Jumhuriya ko Mulukiya. Duk da haka mutumin da ya zage su da safe shi ne zai sayi kazarsu da dare. A kan yi musu dariya, a yi musu ba'a, a kuma aike su. Har a zamanin finafinan Hausa, marigayi Rabilu Musa Ibro, mutumin Ɗanlasan kusa da Wudil, ya fito a matsayin ɗan daudu, mutane suka saya suka yi ta ƙyalƙyala dariya a ɗakunansu.

Wani Ba'amurke malamin harsuna, Rudolf Gaudio, ya zauna tare da su a Kano cikin shekarun 1990, ya rubuta littafi a kansu wanda ya fito a 2009. Ya tarar ba kowane ɗan daudu ke neman maza ba, kuma ba kowane mai neman maza ne ɗan daudu ba, don akwai masu gemu da babbar riga waɗanda ba wanda zai zarge su. Ya tarar kuma da yawansu suna salla, suna azumi, suna tara kuɗin zuwa Makka, suna auren mata su haifi 'ya'ya. Ko waɗanda ke da abokin zama namiji na shekara da shekaru, ba su ɗauki wannan a madadin aure ba. Aure a wurinsu shi ne wanda kowa ya sani, na waliyyi da sadaki da shaidu.

Abin Da Ke Cikin Littattafan Malamai

Musulunci ya kafu a fadar Kano tun zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1349 zuwa 1385, ya kuma ƙara ƙarfi a zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, sa'ad da Shehu Magili ya sauka a birnin. Mazhabar Malikiyya ce aka bi, littattafanta kuwa, irin su Risala da Muhtasar, su ne har yau almajirai ke karantawa a zaurukan Gaya kamar yadda a ke karanta su a Madabo.

Hukuncin da ke cikinsu ba ɓoyayye ba ne. Luwaɗi babban zunubi ne, Alƙur'ani ya ba da labarin mutanen Annabi Luɗu a surori da dama, kuma a Malikiyya haddinsa jifa ne. Imam Abu Hanifa shi ya ga ba haddi a kansa sai ta'aziri, watau horon da alƙali ya ga ya dace. Maɗigo kuwa ta'aziri ne a wurin mafi yawan malamai.

To, amma littattafan nan da suka tsananta hukunci, su ne kuma suka kewaye shi da shinge mai tsawo. Ba a tabbatar da laifin sai da shaidu huɗu adilai, waɗanda suka gani da idonsu ƙuru-ƙuru, ko kuwa mutum ya yi iƙirari da bakinsa ba tilas, in ma ya janye iƙirarin a janye haddin. Wanda ya jefi wani da wannan laifi ya kasa kawo shaidu, shi za a kwantar a yi wa bulala 80, haddin ƙazafi ke nan, a kuma daina karɓar shaidarsa. Suratul Hujurati ta hana yawan zato, ta hana bin diddigin asirin mutane. Hukunci kuma na alƙali ne, ba na 'yan unguwa ba. Saboda haka Hausawa ke cewa zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.

Har wa yau malamai sun yi magana a kan namiji mai ɗabi'ar mata. Imam Nawawi, wanda ya rasu a 1277, ya kasa su kashi biyu cikin sharhin da ya yi wa Sahihu Muslim. Akwai wanda haka aka halicce shi, taushin murya da tafiya ba shi ya ƙirƙira ba, wannan ba zargi a kansa. Akwai kuma wanda ya ɗora wa kansa da gangan, shi ne hadisin tsinuwa ya hau kansa. Ashe tun shekaru ɗari bakwai da suka wuce malamai sun raba tsakanin halitta da aiki.

Dokokin Da Turawa Suka Zo Da Su

Turawan Ingila suka ci Kano cikin watan Fabrairu na 1903. Gwamna Lugga ya bar alƙalai a kan shimfiɗunsu, amma ya hana yanke hannu da jifa, ya kuma ce ba za a kashe kowa ba sai da amincewar Gwamna. A 1904 ya kafa dokar laifuffuka ta Turawa a Arewa, wadda aka kwaikwayo daga ta Kwinslan a ƙasar Ostareliya, a 1916 kuma aka shimfiɗa ta a Nijeriya duka. Sashe na 214 na wannan doka ya yanka ɗaurin shekara 14 ga wanda ya yi saduwar da suka kira ta saɓa wa halitta.

Wannan ba abin mamaki ba ne, gama Ingila a lokacin ita ma tana hukunta laifin. Tun 1533, zamanin Sarki Henri na Takwas, hukuncinsa kisa ne a can, ba a soke kisan ba sai 1861, aka mai da shi ɗauri. Ƙasashe da yawa da Ingila ta mallaka kuwa ta kai musu irin wannan doka. Faransa ita ta cire laifin daga dokokinta tun 1791. Don haka bayan samun mulkin kai a 1960 aka daɗe Bahaushen Maraɗi da Bahaushen Katsina, masu harshe ɗaya da addini ɗaya, suna zaune ƙarƙashin dokoki dabam dabam a kan wannan al'amari.

Da mulkin kai ya gabato, Gwamnatin Jihar Arewa ta Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ta gayyato masana shari'a a 1958, shugabansu Sayyid Muhammadu Abu Rannat, Babban Jojin Sudan. A bisa shawararsu aka tsara dokar da a ke kira Final Kod, ta fara aiki ran 30 ga Satumba, 1960. An ɗauko tsarinta daga ta Sudan, ita kuwa ta Sudan daga ta Indiya ta 1860 wadda Turawa suka rubuta. Sashe na 284 ya riƙe ɗaurin nan na shekara 14. Sashe na 405 kuma ya sa namijin da ya yi shigar mata a bainar jama'a cikin jerin 'yan zaman banza. Daga nan ɗan daudu ya shiga littafin doka, ko da ya ke a aikace an fi barinsa da kaskonsa, sai fa in an yi fari ko wata masifa, hukuma ta tashi korar karuwai daga gari, a haɗa da shi.

Shekara bakwai bayan wannan, a 1967, Ingila ta soke nata hukuncin ga manya biyu da suka yarda da juna a ɓoye. Indiya ma babbar kotunta ta bi sawu a 2018. Wanda ya ce Turawa ne suka kawo wannan ɗabi'a, littattafan fiƙihu da suka girmi zuwan Turawa da ɗaruruwan shekaru za su ba shi amsa. Abin da tarihi ya tabbatar Turawa sun kawo shi ne dokar ɗaurin shekara 14.

Shekarar 2000

Cikin watan Oktoba na 1999 Gwamnan Zamfara, Ahmad Sani Yariman Bakura, ya yi shelar komawa ga hukuncin shari'a a laifuffuka, aka fara aiki da shi a Janairu na 2000. Jihohi 12 suka bi wannan hanya. Kano ta yi nata bikin ƙaddamarwa a watan Yuni na 2000, zamanin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, dokar kuma ta hau kan kowane Musulmi daga birni har Gaya da Ajingi. Ta tanadi bulala 100 ga wanda bai taɓa aure ba, jifa ga wanda ya taɓa. A wannan shekara kuma aka yi wata doka ta hana karuwanci, wadda ta yanka ɗaurin shekara guda ko tara ga namijin da ya kwaikwayi mata a shiga ko ɗabi'a. A 2003, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, aka kafa Hukumar Hisba da doka.

Nan zaman 'yan daudu ya sake. Aka rufe gidajen mata da yawa, wasan bori ya koma ɓoye. Waɗansu suka kwance zane suka sa wando, suka ci gaba da sayar da abinci baki alaikum. Waɗansu suka ƙaura zuwa Abuja da garuruwan da dokar ba ta kai ba. An yi ta kame. A watan Agusta na 2007 aka kama mutum 18 a wani masauki a Bauci, aka fara da zancen luwaɗi, amma da aka je gaban alƙali sai tuhumar ta koma ta shigar mata da zaman banza. Kotuna sun taɓa yanke hukuncin jifa, kamar yadda aka yi wa mutum uku a Ningi a 2022, amma ba a zartar da jifa a kan kowa ba a jihohin nan tun da aka fara. Shingen nan na shaidu da ɗaukaka ƙara da sa hannun Gwamna bai faɗi ba.

Yadda Zancen Auren Jinsi Ya Shigo

Kalmar auren jinsi sabuwa ce a bakin Hausawa, ba ta cikin littattafan dā, gidajen rediyo ne suka yaɗa ta don ba da labarin abin da ke faruwa a ƙetare. Ƙasar Holan ce ta fara halatta irin wannan aure a dokarta, ran 1 ga Afrilu, 2001. Afirka ta Kudu ta bi a 2006, Ingila ta yi dokarta a 2013, babbar kotun Amurka kuma ta yanke hukunci a kansa a watan Yuni na 2015. Masu goyon baya a waɗannan ƙasashe hujjarsu ita ce aure a wurinsu yarjejeniya ce ta ofishin gwamnati, mai ɗauke da haƙƙin gado da jiyya da haraji, don haka bai kamata a hana wani ɗan ƙasa ba. Masu ƙi kuwa, Kirista da Musulmi da Yahudawa masu riƙo da littattafansu, suka ce aure tsari ne na Allah tsakanin namiji da mace, tushen zuriya, ba majalisa ce ta kafa shi ba balle ta sake shi.

A Nijeriya dokar aure ba ta taɓa sanin wani aure ba sai na namiji da mace. Duk da haka a 2006, zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, aka kai wa majalisa ƙudurin hana auren jinsi, bai wuce ba. Majalisar Dattawa ta zartar da wani ran 29 ga Nuwamba, 2011, ta Wakilai ta amince a watan Mayu na 2013, Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu ran 7 ga Janairu, 2014. Dokar ta yanka shekara 14 ga waɗanda suka ƙulla auren, shekara 10 ga wanda ya shaida ko ya taimaka, da wanda ya kafa ƙungiyar irin waɗannan mutane ko ya shige ta, da wanda ya nuna irin wannan soyayya a fili.

Ba shakka mafi yawan jama'a sun yi na'am da ita, kuma a kan wannan magana limamai da fastoci bakinsu ɗaya. Wata cibiyar ƙidayar ra'ayi ta Amurka mai suna Pew ta tambayi 'yan Nijeriya a 2013, kashi 98 cikin 100 suka ce bai kamata al'umma ta karɓi wannan ɗabi'a ba, a 2019 kuwa kashi 91. Da ta yi tambaya a kan auren kansa a 2023, kashi 2 kaɗai suka goyi baya. Wata cibiya ta gida, NOI Polls, ta sami masu goyon bayan dokar 2014 kashi 87 a 2015, kashi 90 a 2017, wani bincike na dabam kuma ya sami kashi 75 a 2019.

Maganar Zuciya

Saura tambayar da doka ba ta amsawa, watau mene ne ke sa zuciyar wani ta karkata ga jinsinsa. Mutanen gari su kan ce asiri ne, ko iska, ko neman duniya, ko mugun aboki. Lalle akwai yaran da talauci ya jefa hannun masu kuɗi, akwai kuma waɗanda aka lalata tun suna ƙanana, wannan kuwa zalunci ne wanda kowace doka a duniya ke hukuntawa, ba shi da haɗi da yardar manya. Amma akwai waɗanda ke cewa tun tasowarsu haka suka sami kansu, sun yi addu'a, sun sha rubutu, sun yi aure, abin bai gushe ba. Suna bayyana abin da su ke ji da kalmomin da kowane masoyi ya sani, bege da kishi da tausayi da kewa. 'Yan daudun Kano sun sha gaya wa Gaudio cewa Allah ne ya yi su, har ya sa wa littafinsa wannan suna.

Likitocin Turai sun daɗe suna lissafta abin cikin cututtukan ƙwaƙwalwa, suka yi ta gwada magunguna ba su ga biyan bukata ba. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta cire shi daga jerin cututtuka a 1973, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi haka ran 17 ga Mayu, 1990. A 2019 aka buga wani babban bincike da aka yi a kan mutum kusan rabin miliyan, aka ga ba wata ƙwayar gado guda ɗaya da ke haddasa shi, gado yana da ɗan rabo, sauran kuma daga abubuwa masu yawa ne da ke tare da tasowar mutum.

Malaman addini ba su sake matsayinsu a kan aikin ba saboda wannan bincike, haram ne a wurinsu jiya da yau. Sai dai ƙa'ida ce sananniya a wurinsu cewa ba a kama bawa da abin da ya ɗarsu a zuciyarsa matuƙar bai aikata ba bai furta ba, wanda kuma ya danne son ransa don Allah yana da lada. Likita da malami sun saɓa a kan hukunci, amma ba ɗayansu da ya ce a kama mutum don muryarsa ko tafiyarsa.

Bakin Jama'a

Abin da ya biyo bayan dokar 2014 ya nuna inda haɗarin ya ke. A watan Janairu na wannan shekara taron mutane suka yi ta jifan wata kotun shari'a a Bauci, suna neman a miƙa musu waɗanda a ke tuhuma tun alƙali bai gama sauraro ba, sai da 'yan sanda suka watsa su. A watan Fabrairu aka bi gida gida da dare a unguwar Gishiri ta Abuja, aka fito da samari aka yi musu dukan kawo wuƙa. A Zariya aka kama mutum 53 a watan Afrilu na 2017 bisa zargin bikin aure, suka musa a gaban kotu. A Ikko aka gurfanar da mutum 47 da aka kama a 2018, bayan an nuna fuskokinsu ga duniya, amma a watan Oktoba na 2020 alƙali ya kori ƙarar don masu gabatar da ita sun kasa kawo shaidu. Kotu ta sake su, amma da yawansu sun riga sun rasa aiki da wurin kwana.

Wani bincike da likitoci suka yi a Abuja, aka buga a 2015, ya nuna masu tsoron zuwa asibiti cikin irin waɗannan maza sun ƙaru daga kashi 25 zuwa kashi 38 cikin 100 bayan dokar. Tun da ya ke waɗansunsu magidanta ne, cuta mai karya garkuwar jiki in ta ɓuya a wurin miji, matar gida da jaririnta ne za su biya. Ga kuma 'yan damfara da suka sami sabuwar sana'a, su yaudari mutum ta wayar hannu, su ce ko ya biya ko su tona shi.

A gari irin Gaya ko Ajingi, inda kowa ya san kakan kowa, magana ba ta bukatar kotu kafin ta yi aikinta. Kalma guda a bakin rijiya ta isa ta fasa baikon yarinya, ta hana a sayi abincin mutum, ta sa uwa ta kasa shiga gidan suna. Magana kuwa zarar bunu ce. Mai koko da ya gaji sana'ar uwarsa, da yaro mai sanyin murya, da 'yan mata biyu masu ƙawance irin wanda iyayenmu mata suka saba ƙullawa tun dā, duk suna iya faɗawa cikin zargi ɗaya in ba a rarrabe abubuwan nan uku ba.

Wanda Allah ya ba shi karatu da rubutu a yau shi ne a kan miƙa wa takarda ko waya a ce ya karanta wa jama'a, don haka nauyi ya ƙaru a kansa. Ya kamata ya san daudanci ya daɗe a ƙasar Hausa, ɗaurin shekara 14 ya zo da Turawa a farkon ƙarnin da ya wuce, dokar auren jinsi kuwa ta 2014 ce. Ya kamata kuma ya tuna littafin da ya ambaci jifa shi ne ya ambaci shaidu huɗu da bulala 80 ga mai ƙazafi. In aka kawo masa labarin wani, kafin ya ɗaga murya ya karanta, sai ya tambaya wa ya gani, kuma wane alƙali ya saurara. Allah ya tsare harsunan bayinsa daga abin da za su yi nadama a kansa.